Shugaban makaranta ya zama mai bincike a makarantarsa: zai yiwu a nan wajenmu?

Hedimastan Ƙauye:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da nake so mu tattauna, musamman mu da aka ɗora wa riƙon makarantu. Duk bitar da aka kira mu kwanan nan sai an ambaci binciken cikin aiki, wato shugaba da malamansa su ɗauki matsala guda da ta dame su, su tattara hujja a kanta, su gwada gyara, su duba ko ya yi, sannan su sake zama. Ni dai zuciyata ta karɓi abin. Tambayata ita ce, mutum irina mai riƙe da firamare a ƙauyen ƙasar Daura, ni ne hedimasta, ni ne malamin lissafin aji biyar da shida, ni ne mai kai takardu ofishin ilimi na ƙaramar hukuma a kan babur, yaushe zan sami sararin bincike? Akwai wanda ya taɓa yi a cikinmu ya ga amfaninsa, ko kuwa a ɗakin bita abin yake ƙarewa?

Sabon Malami:
Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, mu ma an koya mana shi a kwaleji, har da zanen da'ira a allo. Amma binciken da muka yi na kammala NCE, takardun tambayoyi muka raba, muka yi lissafi, aka ɗaure da bango aka ajiye a kanta. Makarantar da muka je ba ta ma san abin da muka gano ba. In irin wannan ne, wahala kawai zai ƙara maka.

Malamin Kwaleji:
Ƙanena, abin da kuka yi daban, wanda Malam Hedimasta ke tambaya daban. Naku na neman takardar shaida ne: baƙo ya zo, ya ɗebi bayani, ya tafi. Wannan kuwa mai aikin ne da kansa yake binciken aikinsa, kuma sakamakonsa ba littafi ba ne, canji ne a cikin aji.

Asalin sunan daga Kurt Lewin yake, masanin halayyar ɗan Adam da ya baro Jamus ya koma Amurka. A rubutunsa na 1946 ya bayyana shi a matsayin zagaye: a shirya, a aikata, a bincika abin da aikin ya haifar, sannan a sake shiri bisa abin da aka gani. Stephen Corey ne ya shigo da shi makarantu sosai a 1953, yana mai cewa malami ya fi saurin canja hali idan shi ya gano matsalar da kansa, ba wani ya karanto masa ba. A Ingila, Lawrence Stenhouse ya dage a wajajen 1975 cewa malami ma mai bincike ne a ajinsa. Ɗaya ɓangaren kuma, na waiwayen aikin kai, John Dewey ya yi magana a kai tun 1910, sai Donald Schön ya zo a 1983 ya raba shi biyu: tunanin da kake yi kana tsakiyar aiki, kamar ka ga yara sun yi shiru ka gane ba su fahimta ba ka canja misali nan take, da wanda kake yi bayan an tashi, ka zauna ka tambayi kanka me ya faru yau kuma me ya sa.

Ba ya buƙatar kwamfuta ko kuɗi. Rajista, biro da kunnen sauraro sun isa a fara.

Sabon Malami:
Na gode Malam. Amma duk sunayen nan na ƙasashen da aji bai wuce yara kaɗan ba ne. Ina son jin wanda ya yi a nan.

Firinsifal:
To ga ni, ɗana. Makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo nake riƙe da ita a cikin birnin Katsina, kuma zan faɗi yadda namu ya kasance ba ƙari.

Damuwarmu ita ce bayan an dawo daga tara sai ka ga bencina sun yi fili, musamman a ƙaramar sakandare. Duk wanda ka tambaya a ɗakin malamai amsarsa ɗaya: talla. Iyaye ne ke janye su. Mun shekara da shekaru muna faɗin haka a taron iyaye, muna yi musu nasiha, ba abin da ya canja. Sai muka ce bari mu daina faɗi, mu ƙirga. Muka mayar da kiran suna sau biyu, da safe da kuma bayan tara, na 'yan makonni. Abu na farko da takarda ta nuna shi ne ba yara ɗaya ba ne ke ɓacewa kullum. Yau waɗannan, mako mai zuwa wasu. In da talla ce, ai da sunaye ɗaya za a riƙa gani, domin mai talla kullum take yi. Masu tallar ma, da muka lura, da safe suke makara, amma in sun zo suna kaiwa tashi.

Gwajinmu na farko shi ne rufe ƙofa lokacin tara. Rajistar bayan tara ta cika, har mun fara murna. Da muka haɗa ta da ta safe sai muka ga ita ce ta fara raguwa. Wato yarinyar da a da take zuwa ta yi rabin yini, yanzu ta gwammace ta zauna gida gaba ɗaya. Da ba mu sake dubawa ba, da mun rubuta wa hukuma cewa mun magance matsala, alhali ƙara ta muka yi.

Daga nan na roƙi malamai mata biyu da yaran suka saba da su, su zauna da su a ƙarƙashin bishiya, ba a ofis ba, ba tare da ni ba. A nan magana ta fito. Banɗakinmu babu ruwa. Yarinyar da ke cikin al'ada, ko wadda cikinta ya ɓaci, dole ta je gida, in ta je kuma kunya da nisa su hana ta dawowa. Wasu kuma ba su karya ba suke fitowa, sai su koma neman abin da za su ci. Babu yarinyar da za ta faɗi wannan a gaban malami namiji ko a taron safe.

Muka sa randuna da butoci, aka tsara masu cika su, muka ware malama guda da yarinya za ta je wurinta a asirce. Ƙofa muka buɗe. Ban ce matsalar ta ƙare ba, ta yunwa har yanzu tana nan kuma ta fi ƙarfin aljihunmu. Amma bencina sun daina yin fili irin na da, kuma mun daina ɗora wa iyaye laifin da ba nasu ba. Wannan na ƙarshe ya fi komai yi mini nauyi.

Hedimastan Ƙauye:
Hajiya, Allah ya saka. Kiran suna na biyun nan, wa ke yin sa? Don a wajena malamin da ke aji ɗaya shi ne ke leƙa aji biyu.

Firinsifal:
Monitoci ne suka yi, malami ya sa hannu. Minti kaɗan ne.

Tsohon Sufeto:
Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba. Hajiya ta yi aikin shugaba. Amma ku yara kada ku ɗauka wannan sabon abu ne da aka kawo muku a bita. Lokacin da muke zagayen makarantu, abu na farko da nake nema a teburin hedimasta shi ne littafin da yake rubuta abin da ya faru a makaranta kullum. Hedimastan kirki za ka ga ya rubuta: yau yara sun yi ƙaranci saboda an yi ruwan shuka, ko aji huɗu sun kasa raba lamba, na ce malaminsu ya maimaita da duwatsu, zan duba ranar Alhamis. Ranar Alhamis kuma ka ga ya rubuta abin da ya tarar. Yanzu ka buɗe littafin nan a makarantu da yawa, ba abin da ke ciki sai sunayen baƙin da suka zo da ranar da aka buɗe zango.

Kuma mu Musulmi ba baƙi ba ne ga yi wa kai hisabi. Maganar da aka ruwaito daga Sayyadina Umar ce, ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku. Wanda aka ba amanar 'ya'yan mutane ya fi kowa cancantar ya riƙe ta. Ƙasar nan tamu ita ce aka kafa Kwalejin Katsina a cikinta a 1921 don horar da malamai, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kuma dukansu sai da suka riƙe alli kafin su riƙe mulki. Ba mu ne za a ce aikin malanta ya fi ƙarfin tunaninmu ba.

Malamin Kwaleji:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, gaskiya ne. Abin da zan ƙara kawai shi ne, littafin nan hedimasta shi kaɗai yake rubuta shi, shi kaɗai yake karantawa sai ku sufetoci. Binciken da muke magana yana son a buɗe shi a gaban malamai, har wani ya ce ranka ya daɗe, ni ba haka na gani ba.

Malamar Aji Uku:
Yauwa, an zo inda nake jira. Ku yi haƙuri iyayena, ni ba shugaba ba ce, ni ce wadda ake yin binciken a kanta, don haka bari in faɗi yadda muke jin abin daga ƙasa.

Duk ranar da shugaba ya ce zai shigo aji ya ga yadda nake koyarwa, ko ya ce a kawo masa sakamakon yara, abin da ke faɗo mini a rai shi ne takardar tuhuma, ko canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da babu mota. Ba ni kaɗai ba, duk malamai haka ne. To mutumin da ke jin tsoro ba zai ba ka gaskiya ba. Zai cika rajista da yaran da ba su zo ba, zai ɗaga maki, ranar da za ka shigo zai maimaita darasin da yara suka riga suka haddace. Kai kuma ka tattara wannan ka ce ka sami hujja. Binciken da aka gina a kan tsoro ya fi rashin bincike illa, don yanzu ƙaryar ta sami takarda.

Na taɓa aiki da wani hedimasta, Allah ya saka masa da alheri, wanda ya san wannan. Da zai fara, da kansa ya fara. Ya ce mana yana zargin darasin farko na safe ba ya samun cikakken lokacinsa, yana so a auna. Ya ba wani malami agogo ya ce ya riƙa rubuta lokacin da aka kaɗa ƙararrawa da lokacin da aka fara rubutu a allo. Da aka zauna duba takardar, sai ga shi abin da ya fi cinye lokacin shi ne jawabinsa na taron safe da sanarwar da yake tsayar da malamai yana yi bayan yara sun shiga. A gabanmu ya ce to nawa ne, daga gobe sanarwa ta koma allon ɗakin malamai. Wallahi tun daga ranar, da ya ce zai shigo ajina, ni da kaina na nuna masa yaran da na kasa koya wa karatu, ban ɓoye ko ɗaya ba. Da ya fara da mu, da ba haka ba.

Don haka Malam Hedimasta, in za ka yi, tambayar farko ta zama wadda amsarta za ta iya faɗowa a kanka. Kuma ka faɗa wa malamai ƙarara cewa abin da aka gano ba zai shiga rahoton da ke zuwa wurin sakataren ilimi da sunan kowa ba. In ka karya wannan alkawarin sau ɗaya, shi ke nan.

Firinsifal:
Malama, wannan magana taki ta fi tawa. Zan karanta wa mataimakana ita.

Tsohon Sufeto:
'Yata, na yarda da rabi. Amma in bincike ya nuna malami ba ya shiga aji sam, yana kasuwa ana biyansa, sai a rufe saboda alkawari? Haƙƙin yara fa?

Malamar Aji Uku:
Baba, wanda ba ya zuwa aiki ai ba sai an yi bincike ba, littafin sa hannu ya isa, kuma hukuncinsa yana nan a doka. Ni ina maganar wanda ke zuwa kullum, yana iya ƙoƙarinsa, amma yara ba sa ganewa. Shi ne ke buƙatar inda zai ce na kasa ba tare da an ci mutuncinsa ba. A raba hanyoyin biyu.

Tsohon Sufeto:
To haka na yarda.

Ɗan Kwamiti:
Ni ɗan kasuwa ne, ina cikin kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, na firamaren unguwarmu. Abin da nake so malamai su ji: ku riƙa tambayarmu. Ana kiranmu ne kawai in rufi ya yaye ko ana neman gudummawa. Amma mu muka san ranar da kasuwar gari ke ci, mu muka san lokacin da ake kwashe yara zuwa gona a damina da kaka, mu muka san islamiyyar da lokacinta ke karo da na boko. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sannan ina roƙo, in kun tattara bayanin yara, kada a kira sunan ɗan wani a taro a ce bai iya karatu ba ko ba a ba shi abin kari. Uban zai cire shi ne kawai.

Malamin Kwaleji:
Alhaji ya taɓo amana, kuma tana cikin ƙa'idar aikin: a nemi yardar mutane, a sakaya sunaye.

Akwai kuma wani tarko da nake so a sani. A wata masana'antar kayan lantarki da ake kira Hawthorne kusa da Chicago, an yi gwaje-gwaje daga 1924 zuwa 1932, inda daga baya masana suka ɗauki darasin cewa mutane kan gyara aiki don kawai sun san ana kallonsu. Haka yake a makaranta. Makon da ka fara ƙirga, kowa zai zo da wuri. Kada ka yi saurin cewa dabararka ce ta yi aiki. Bari ido ya ɗauke, ka sake aunawa bayan wata guda. Haka kuma in ka fara gwaji bayan an gama girbi, yara za su ƙaru ko ka yi wani abu ko ba ka yi ba. Shi ya sa ake son hujja daga wuri fiye da ɗaya: rajista, littattafan yara, da bakin mutane. In uku sun haɗu, ka kama wani abu. Kuma abin da ya yi a makarantar Hajiya ba dole ya yi a Sandamu ko Zango ba, kowa sai ya gwada nasa.

Sabon Malami:
Ni fa har yanzu akwai abin da ke ci mini rai, kuma ku gafarce ni. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ajin da nake shiga ya ninka haka ya wuce, wasu a ƙasa suke zaune, littafi ɗaya kawuna da yawa. Wace dabara zan gano da za ta maye gurbin malamai da azuzuwan da babu? Tsorona shi ne a ce mana ku yi bincike ku gyara da kanku, sai nauyin da ke kan hukuma ya dawo kan malami. Gobe in yara sun faɗi a ce hedimasta ne bai yi tunani ba.

Malamin Kwaleji:
Tsoronka yana kan hanya, ba zan rage masa komai ba. Bincike ba ya gina aji, ba ya ɗaukar malami. Duk wanda ya sayar maka da shi a matsayin madadin kuɗin ilimi ya cuce ka.

Firinsifal:
Amma ɗana, ka duba ɗaya gefen. Da muna zuwa ofis muna cewa muna da matsalar ruwa, kowa ma haka yake cewa, takardarmu tana bin layi. Ranar da na je da rajista biyu na nuna yadda rashin ruwa ke fitar da 'yan mata daga aji, sauraron da aka yi mini daban ne, haka ma a wurin kwamiti da ƙungiyar iyaye mata. Katsina tana cikin jihohi bakwai na farko da shirin AGILE na Bankin Duniya, mai tallafa wa karatun 'yan mata, ya fara da su daga 2020, kuma tallafin gyaran makaranta a irin waɗannan shirye-shirye ta hannun kwamiti yake bi, bisa tsarin da makaranta ta rubuta. Wanda ya san ainihin ciwonsa shi ke rubuta abin da ya dace. Wanda bai bincika ba sai ya nemi fenti alhali randa yake buƙata. Hujja ba ta sauke wa hukuma nauyi, ƙara ɗaure ta take yi.

Tsohon Sufeto:
Kuma an sha kawo mana irin wannan, mu ne ba ma riƙewa. SMASE, shirin inganta koyar da lissafi da kimiyya, da aka fara da taimakon Jafan a 2006 a Kaduna, Neja da Filato kafin ya bazu, ginshiƙinsa ke nan: shirya, aikata, duba, gyara. Su can Jafan malamai kan haɗu su tsara darasi ɗaya, guda ya koyar sauran na kallon yara, sannan su zauna su warware shi. TDP ma, shirin horar da malamai, da ya shigo Katsina, Jigawa da Zamfara daga 2013 ya zo da zaman malamai na gungu. Da shiri ya ƙare, alawus ya tsaya, sai zama ya watse a wurare da yawa. Wanda shugaba ya kafa da kansa a ɗakin malamansa, ba da jiran kowa ba, shi ne ke rayuwa.

Hedimastan Ƙauye:
Na amfana ƙwarai. Ga abin da na tsayar, ku gyara mini. Abin da ya fi hana ni barci shi ne yaran da ke kaiwa aji huɗu ba sa iya karanta jimlar Hausa. Ina da sauran littattafan shirin RANA na koyar da karatun Hausa a akwati. Zan zauna da malamaina mu gwada yaran aji uku ɗaya bayan ɗaya: wa ya san baƙi, wa ke haɗa gaɓa, wa ke karanta kalma, wa ke karanta jimla. Sannan mu ware rabin awa kullum a raba su bisa inda kowa ya tsaya, ba bisa shekaru ba. Ƙarshen zango mu sake gwadawa.

Malamin Kwaleji:
Wannan rabon shi ne dabarar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna a kai, kuma ta dace da aji mai cunkoso. Shawarata biyu: gwajin ƙarshe ya zama daidai da na farko a wahala amma ba kalmomi ɗaya ba, kuma kada malamin da ya koyar da rukuni ya zama shi ke gwada su.

Malamar Aji Uku:
Malam, rabin awar daga ina za ta fito? In ka ɗora ta bayan tashi, yara sun gaji, masu islamiyya sun gudu, malamai mata kuma girki na jiransu. In daga darasin wani za ka yanka, ka tambaye shi tukuna. Kuma ka karɓi rukunin da ba su san baƙi ba da kanka, kada ka bar wa ƙaramin malami.

Hedimastan Ƙauye:
Na karɓa, Malama. Lokacin kuma zan kai shi gaban malamai ranar Litinin su zaɓa, ni dai ina ganin bayan taron safe ya fi. Alhaji, in na fara a wannan zangon zai haɗu da girbin gero, kana ganin in jira?

Ɗan Kwamiti:
Kada ka jira, amma ka yi gwajin farko yanzu kafin a fara yanka, yara suna nan. Kuma ka je wurin mai gari da liman tun kafin ka soma, su ji daga bakinka. In ba haka ba, ranar da yaro ya koma gida ya ce an mayar da shi cikin masu koyon baƙi, uwarsa za ta ɗauka an rage masa aji ne.